LAFTANAR KANAR: Asalin Sunan a Rundunonin Jamusawa da Maƙwabtansu, da Kwatancinsa cikin Tarihin Kano

1. Gabatarwa

Wani ɗalibinmu da ya yi koyon aikin malanta a wata makaranta ta ƙasar Ajingi ya komo mini da wata tambaya wadda yaransa suka yi masa ya rasa amsarta. Suna cikin karanta labarin abin da ya auku a ƙasar nan cikin 1966, sai wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, an ce mana Manjo ya fi Laftanar. To, ƙaƙa aka yi Laftanar Kanar ya fi Manjo, kuma Laftanar Janar ya fi Manjo Janar?" Malamin ya ce musu haka soja suka shirya abinsu. Yaran suka yi shiru, amma shi kansa ya san bai ƙosar da su ba.

Tambayar nan tana da amsa, amsar kuwa tana cikin kalmar kanta. Na zaɓi in bi ta kan rundunonin ƙasashen da a ke jin Jamusanci, watau Jamus da Ostiriya da Suwizalan, domin a can ne sunan muƙamin ya fi bayyana asalinsa a fili. Suna kiransa Oberstleutnant. In mun warware wannan suna za mu ga ma'anarsa ta fari ita ce wanda ke riƙe da wurin wani. Daga nan za mu ga wani abu da ya fi nahawu nauyi: wanda aka bar wa riƙo, shi ne wanda mayaƙa ke gani kullum, don haka sannu a hankali iko kan zauna a hannunsa. Tarihin Jamusawa ya nuna haka, tarihin Kano da Gaya ya nuna haka, tarihin Nijeriya na bayan mulkin kai kuma ya sake nunawa.

2. Yadda kalmar ta shigo Hausa

Hausawa sun daɗe cikin aikin sojan Turawa. Tun cikin 1863 Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Ikko, bayan haka kuma Hausa ta zama harshen da a ke magana da shi a barikin Rundunar Nijeriya, ko da ya ke sojojin ba duka ba ne Hausawa. Ta wannan hanya sunayen muƙamai suka shigo bakinmu, ta kunne ba ta takarda ba: kurtu, farabiti, kofur, saja, samanja, kyaftin, manjo, kanar, birgediya, janar. Kalmomin soja da hafsa da bariki da bataliya duk tare suka zo.

Shaidar cewa ta kunne suka shigo tana cikin surarsu. Ingilishi suna rubuta sunan muƙamin laftanar ba tare da harafin f ba, amma in za su faɗa sai su sa f a tsakiya. Bahaushe bai ga rubutun ba, f ɗin ya ji, shi ya riƙe. Haka kuma kanar: a rubuce gaɓa uku ce, a bakin Ingilishi gaɓa biyu, mu ma biyu muka ɗauka. Harafin l na ƙarshen kalma kuwa a Hausar Kano ya kan koma r, kamar yadda mu ke gani a tebur da fensir da kofur da janar. Shi ya sa wasu ke cewa kanal, wasu kanar, duka kuwa abu guda ne. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ari nasu daga Faransanci, don haka a bakinsu ba ka jin f ɗin nan, kuma kana jin kalma ta biyu da gaɓoɓinta uku.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne r na ƙarshen laftanar, gama babu shi cikin kalmar da aka aro. Mai sauraro zai zaci r ne na mallaka, irin na rigar Audu, watau laftana ta kanar. Amma wannan bai bi ƙa'ida ba. Sunan sarauta na namiji, ko da ya ƙare da a, n ya ke ɗauka: Galadiman Kano, Makaman Kano, Ciroman Kano. In da mallaka a ke nufi, da Laftanan Kanar za a ce, akwai kuwa masu faɗin haka. A ganina r ɗin nan amo ne na kalmar da ke biye, watau kanar ko janar, baki ya jawo shi gaba don kalmomin biyu su yi ƙarshe iri ɗaya, kāna ya zauna har a inda kalmar ke tsaye ita kaɗai. Ko ma yaya ne, kunnen Bahaushe da ya ji mallaka a wurin bai yi nisa da gaskiya ba, domin asalin ma'anar ke nan, kamar yadda za mu gani yanzu.

3. Asalin sunan a ƙasashen Jamusawa

Oberstleutnant kalma biyu ce aka haɗa. Oberst Jamusanci ne tsantsa, ma'anarsa mafi ɗaukaka, watau na can bisa duka. Leutnant kuwa aro ne daga Faransanci, inda lieu ke nufin wuri, tenant ke nufin mai riƙo. In an haɗa, ma'ana ita ce mai riƙe da wurin shugaba.

Ga yadda abin ya samu. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Maximilian na Ɗaya, aka fara tara dakarun haya masu dogayen māsu waɗanda a ke kira Landsknecht. In sarki na son runduna, ba shi ke tara ta da kansa ba. Sai ya ba wani gogaggen mayaƙi takardar izini, shi kuwa ya fita da kuɗinsa ko na bashi ya ɗebi mutane. Kowane gungu na misalin mutum 400 yana da tutarsa da shugabansa, Hauptmann, wanda mu ke kira kyaftin. Wanda ya tara su duka shi ne shugaban shugabanni, a taƙaice Oberst, a tsohon rubutu Obrist. Georg von Frundsberg, wanda ya rasu cikin 1528, shi ne ya fi shahara cikin irin waɗannan mutane. Runduna kamar dukiyar Oberst ta ke: sunansa ta ke ɗauka, shi ke naɗa hafsoshinta, shi ke hukunci a cikinta, ta hannunsa albashi ke bi.

To, mai irin wannan dukiya ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana fada yana neman a biya shi, gobe yana wurin masu ba da rance, wani ma yana da runduna biyu ko uku, wani kuma janar ne mai duban yaƙi duka. Dole ya sa wani daga cikin kyaftin-kyaftin ɗinsa ya riƙe masa. Wannan shi ne Obristlieutenant. A ƙarƙashinsa akwai na uku, mai kula da tsaro da jera sahu, Obristwachtmeister, wanda daga baya aka koma kira Major, mu kuma manjo.

A nan amsar yaran Ajingi ta ke. Tsarin uku-uku ne, an maimaita shi hawa uku. A ƙaramin gungu akwai kyaftin, da mai riƙe masa, watau laftanar, da saja. A runduna akwai kanar, da laftanar kanar, da samanja na runduna, wanda sunansa ya gajarce ya zama manjo. A kan rundunoni duka akwai janar, da laftanar janar, da samanja janar, wanda shi ma ya gajarce ya zama manjo janar. Ashe laftanar ba shi da girman kansa, girman wanda ya ke riƙe wa ya ke ci. Mai riƙe wa kyaftin yana ƙasa da manjo, mai riƙe wa kanar ko janar kuwa yana bisa na uku a hawansa.

Cikin Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, rashin zaman masu runduna ya yi yawa har ya zama galibi mai riƙo ne ke jan mayaƙa zuwa daga. Abin da wannan ke haifarwa ya bayyana a garin Eger cikin Fabrairu 1634. Wallenstein, babban sarkin yaƙin Sarkin Ostiriya, ya sami saɓani da ubangidansa, ya fake a garin yana tsammanin yana cikin amintattu, gama sojan da ke tsaron garin na rundunar Terzky ne, na hannun damansa. Amma Terzky suna kawai gare shi a kan rundunar. Wanda ya daɗe yana riƙe da ita a madadinsa, yana kuma riƙe da ƙofofin garin, shi ne John Gordon, mutumin Sikotlan. Gordon ya haɗa kai da Walter Leslie da Walter Butler, aka kashe Terzky da abokansa a wurin walima, aka bi Wallenstein har ɗakin kwanansa aka soke shi. Runduna ta bi wanda ta saba jin muryarsa.

Bayan wannan zamani sarakuna suka karɓe rundunoni daga hannun 'yan kasuwar yaƙi, suka mai da su na gwamnati, masu zama ko ana yaƙi ko ba a yi. Sunan riƙo ya zama matakin girma mai zaman kansa, wanda a ke hawa bayan manjo kafin kanar, ko akwai wanda a ke riƙe wa ko babu. A Ostiriya al'adar kiran runduna da sunan mai ita ta ci gaba har 1918, amma a ƙarshe girmamawa ce kurum. Rubutun kalmar ma sai da aka gyara: cikin 1899 aka ba da umurni a rundunar Jamus a bar rubuta ta irin na Faransa, a rubuta Leutnant yadda Bajamushe ke faɗi. Abin da mu ke yi da laftanar, su ma sun yi shi da tasu.

A rundunar Jamus ta yanzu, wadda aka kafa cikin 1955, Oberstleutnant shi ke shugabancin bataliya, ko ya yi aikin ofis a hedkwata. Alamarsa taurari biyu ne na azurfa bisa ganyen itacen oak, manjo yana da ɗaya, Oberst uku. Takwaransa a sojan ruwa Fregattenkapitän, a likitocin soja Oberfeldarzt. Ƙawancen NATO yana lissafa muƙamin a matakin OF-4, tare da takwarorinsa na sauran ƙasashe.

4. Maƙwabtan Jamus, da Larabawa

Ƙasashen da ke kewaye da Jamus sun kasu uku wajen sunan nan. Kashi na fari sun ari na Jamusanci ɗungum. A Denmak oberstløjtnant, a Norwe oberstløytnant, a Suwidin överstelöjtnant, har Finlan, wadda harshenta ba dangin waɗannan ba ne, tana cewa everstiluutnantti. Kashi na biyu sun bi Faransa da Italiya, inda kalmar kanar ta fito daga colonna, watau jerin mayaƙa. Ingila na cikin wannan kashi, mu kuma ta kanta muka samu. Holan ta tsaya tsakani: a rubuce luitenant-kolonel, amma in za a kira mai muƙamin sai a ce overste, ɗan'uwan Oberst. Suwizalan kuwa, da ya ke tana da harsunan hukuma fiye da ɗaya, hafsa guda Oberstleutnant ne a Zurik, lieutenant-colonel a Janiba, tenente colonnello a Lugano. Kashi na uku su ne masu harsunan gabas, waɗanda suka fassara ma'ana da kalmominsu: a Folan podpułkownik, a Rasha podpolkovnik, watau na ƙarƙashin mai runduna.

A gefen da ya fi kusa da mu, Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana kiran mai wannan muƙami kaymakam, daga Larabci ƙa'im maƙam, mai tsayuwa a matsayin wani. Wannan daidai ya ke da ma'anar kalmar Faransanci, gaɓa da gaɓa. Rundunonin ƙasashen Larabawa na yau kuwa muƙaddam su ke cewa, wanda aka gabatar. Kalmar nan ba baƙuwa ba ce a Gaya ko Ajingi, gama kowa ya san muƙaddami na ɗariƙa, wanda shehu ya ba izini ya ba da wuridi a madadinsa. Harsuna da yawa, tunani guda.

Kada mai karatu ya zaci masu wannan suna na Jamus sun tsaya can Turai. Cikin 1902 Oberstleutnant Pavel ya ja sojan Jamus na Kamaru har Dikwa. A ƙarshen Agusta 1914 sojan Nijeriya suka fita daga Yola suka faɗa wa Garwa, aka kore su, shugabansu Laftanar Kanar Maclear ya faɗi a wurin, garin bai ciwu ba sai Yuni 1915. A Afirka ta Gabas kuma, Lettow-Vorbeck, wanda sojan Nijeriya suka gwabza da mutanensa a Mahiwa cikin Oktoba 1917, da muƙamin Oberstleutnant ya fara yaƙin, bai kuwa ajiye makami ba sai Nuwamba 1918, bayan an gama a Turai.

5. Kwatancinsa cikin tarihin Kano da Gaya

Yanzu sai mu komo gida mu tambaya: Hausa tana da abin da ya yi kama da wannan? Wajen kalmomi, muna da su har da yawa, kowace da inda ta dace. Mataimaki yana aiki ne maigida na nan. Wakili aikensa a ke yi ya tafi da bakin wani. Na'ibi na liman ne. Magaji jiran gado ya ke yi. Muƙaddashi shi ne wanda ke zaune a wurin mai abu sa'ad da mai abu ba ya nan, shi ne kuwa ya fi kusa da ma'anar laftanar. In da za a fassara Oberstleutnant kalma da kalma, da muƙaddashin shugaban runduna za a ce.

Wajen aiki kuma, littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, yana da misalai biyu masu kyau. Shekarun da zan ambata na lissafinsa ne. Na fari a zamanin Sarki Abdullahi Burja ne, 1438 zuwa 1452. Sarki ya fita yaƙi, Galadima Dauda ya roƙe shi ya koma gida ya huta, shi ya ci gaba a madadinsa. Ya yi shekara bakwai a kudu yana yaƙi yana aiko da ganima. Yaƙi na Sarki ne, da sunansa a ke yi, amma fuskar Galadima mayaƙa suka sani. Wannan ya ƙare lafiya domin Galadima ya riƙe amana ya komo.

Na biyu bai ƙare haka ba, a cikinsa ne kuma Gaya ta fito. Madawaki, wanda a yau mu ke gajarcewa Madaki, sunansa daga dawaki ya ke, shi ne shugaban mahayan yaƙi a ƙarƙashin Sarki. Wajen 1652 Madawaki Kuma ya ga ƙarfi a hannunsa ya ke, ya tuɓe Sarki Muhammadu Kukuna bayan shekara ɗaya kacal bisa gado, ya ɗora Soyaki ɗan 'yar'uwarsa Fasuma. Kukuna ya gudu ƙasar Zazzau. Bayan wata uku sauran manyan Kano suka aika masa a asirce ya komo. Bai nufi birni kai tsaye ba, sai ya biyo ta Gaya, Sarkin Gaya ya tashi da mutanensa ya rufa masa baya. Aka gamu a Hotoro, inda mai fitowa daga Gaya ta Wudil ke ratsawa har yau kafin ya shiga gari. Mutanen Kano suka watse suka bar Madawaki, ya sheƙa zuwa ƙofa yana kira a rufe, Kukuna ya riga ya kutsa. Daga baya aka kama Kuma, aka ɗora shi bisa jaki, aka sa 'yan mata suka zaga gari da shi.

Me ya sa Kukuna ya biyo ta Gaya? Galibin hakiman Kano a wancan tsari a birni su ke zaune, ƙasashensu na hannun jakadu, har sai bayan zuwan Turawa cikin 1903 aka fitar da su zuwa gundumominsu. Sun yi kama da Oberst mai runduna wanda ba ya zama cikinta. Sarkin Gaya kuwa, kamar na Rano da Dutse da Ƙaraye, cikin mutanensa ya ke kwana ya ke tashi. In ya ce a hau, a kan hau. Wanda ya rasa rundunar birni, dole ya nemi mai runduna ta kansa. Wannan ƙarfi yana da baki biyu, gama littafin ya ce a zamanin Sarki Dadi, 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara uku bai kai haraji ba, sai da dabara aka jawo shi aka kashe. Duk da haka jikansa ta wajen 'yarsa Mariyama, watau Sharefa, shi ya gaji Dadi, mutanen Gaya kuma suka sami faɗa a ji a fadarsa.

Sunayen nan ma sun bi hanyar da Oberstleutnant ya bi, suna ya tsaya, aiki ya sauya. Madakin Kano na yau ba ya jan dawakin yaƙi, shi ne shugaban masu zaɓen Sarki, sarautar tana gidan Yolawa. Makama, maƙwabcin Gaya ta wajen Wudil, na gidan Joɓawa ne, shi ma yana cikin masu zaɓe. Ita kanta Gaya an ɗaga ta masarauta mai daraja ta ɗaya cikin 2019, aka rushe cikin Mayu 2024, aka sake kafa ta mai daraja ta biyu cikin Yulin wannan shekara, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

6. Muƙamin a tarihinmu na kusa

A tsarin Ingila wanda Nijeriya ta gada, Laftanar Kanar ke riƙe da bataliya, mai ɗaruruwan sojoji. Alamarsa a kafaɗa mikiya ce da tauraro ɗaya, wanda soja ke kira anini, saboda tsohon kwabon nan mai huda da ke da tauraro a jikinsa. Shi ne hafsa mafi girma wanda har yanzu ya san samanjojinsa da sunayensu, yana kwana a bariki ɗaya da su, makullin ɗakin makamai na ƙarƙashin ikonsa. Wanda ya fi shi girma umurni ya ke aikawa, amma sai ta bakinsa umurnin ke isa ga mai bindiga.

Shekarar 1966 ta nuna nauyin wannan. Ran 15 ga Janairu, Laftanar Kanar Ojukwu ne ke riƙe da Bataliya ta 5 a Kano, ya ƙi bin Manjo Nzeogwu, don haka Kano ba ta shiga hannun masu juyin ba. Cikin hafsoshin da aka kashe a wannan dare akwai Laftanar Kanar Abogo Largema, shugaban Bataliya ta 4, da Laftanar Kanar James Pam da Laftanar Kanar Arthur Unegbe. Gwamnonin soja da Janar Ironsi ya naɗa a jihohi huɗu, watau Hassan Usman Katsina da Ojukwu da Fajuyi da Ejoor, da wannan muƙami suka yi mulki. Bayan juyin 29 ga Yuli, wanda Laftanar Kanar Murtala Muhammad na cikin jagororinsa, akwai Birgediya Ogundipe da wasu da suka fi Gowon girma, amma sojan da ke riƙe da makamai ba su karɓi umurninsu ba. Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa ran 1 ga Agusta yana Laftanar Kanar, yana da shekara 31. Ojukwu ya ƙi yarda, yana kafa hujja da tsarin girma, wannan kuwa na cikin abubuwan da suka kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

A Nijar, Seyni Kountché da wannan muƙami ya tuɓe Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. A Ikko kuma Laftanar Kanar Dimka ne ya jagoranci yunƙurin da aka kashe Murtala a cikinsa ran 13 ga Fabrairu 1976. Ba ina cewa muƙamin ne ya jawo waɗannan fitinu ba, kowace da sanadinta, kuma dubban masu riƙe da shi sun yi aikinsu da aminci sun sauka lafiya, kamar Galadima Dauda. Abin lura kawai shi ne, in tsari ya girgiza, mutane kan duba wanda ke kusa da su, ba wanda sunansa ke bisa takarda ba.

7. Shawara ga malamai da masu fassara

Daga abin da ya gabata akwai abu huɗu da zan so malaman kwalejojin horon malamai su riƙe.

Na fari, kada a fassara muƙamin soja da sunan sarauta. Sha'awar tsarkake harshe kan sa wani ya ce me zai hana a kira Laftanar Kanar Madaki ko Barde ko Jarmai. Abin da zai hana shi ne, sarauta mutum ɗaya ke riƙe ta a lokaci ɗaya, tana da gari, sau da yawa tana da gida, tana da rawani da kirari. Muƙamin soja kuwa mataki ne, mutane da yawa ke kansa a lokaci guda, ana hawansa da kwas da jarrabawa da shekarun aiki, yau mai shi na Kano gobe yana Fatakwal. Oberst na zamanin Frundsberg ya yi kusa da sarauta, na yau ya yi nisa da ita. Kwatanci yana da amfani a aji, amma in an mai da shi fassara sai yaro ya rikita tarihi biyu.

Na biyu, a tsai da rubutu ɗaya. Tun da ya ke Hausar Kano ce tushen daidaitacciyar Hausa, kuma mun riga mun amince da tebur da kofur da janar, Laftanar Kanar ya fi dacewa, kalma biyu, kowace da babban baƙi in tana gaban sunan mutum. A gaya wa ɗalibi akwai masu cewa Laftanan Kanar da Laftanal Kanal, kada a ci shi tara in ya faɗa, amma a rubutu a bi ɗaya. Wajen jam'i, masu muƙamin Laftanar Kanar ya fi sauƙi a baki. Mace in ta kai matakin, sunan bai sauya ba, lamirin da ke biye ne zai nuna ta.

Na uku, mai fassara labarin da ya shafi Jamus ko Ostiriya ko Suwizalan ya buɗe ido. Oberleutnant da Oberstleutnant haruffa biyu ne kawai tsakaninsu, amma na fari ƙaramin hafsa ne da ke ƙasa da kyaftin, na biyu kuwa ya ɗara shi da mataki uku. Kuskuren haruffa biyu kan mai da mai bataliya yaron kyaftin.

Na huɗu, in yaro ya yi tambaya irin ta Ajingi, a zana masa tsarin uku-ukun nan a allo: mai abu, muƙaddashinsa, da mai jera sahu, hawa uku. Sa'an nan a tambaye shi wa ke jan salla ran da liman ba ya gari, wa kuma ke zama a zauren dagaci in dagaci ya tafi Makka. Zai ba da amsa da kansa. In lokaci ya ragu, a ba shi labarin Madawaki Kuma da Sarkin Gaya da gamon Hotoro, domin ya san abin da ya ke karantawa na 1966 ba a kan soja aka fara shi ba, kuma riƙon abin wani amana ce wadda a kan tambayi mai ita. Allah ya sa mu dace.